Littafin aikin fili: sauya salon atisayen yara 'yan ƙasa da shekara 13

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Daga yau mun tattara robobin nan masu tsini da ake jerawa yara suna zagayawa da ƙwallo, mun zuba su a buhu. Za mu gwada wani salon atisaye daga yanzu har damina ta sauka, kuma zan riƙa rubuta abin da muka gani saboda masu horar da yara irina.

Abin da ya kawo haka sananne ne ga duk wanda ya taɓa riƙe usur a filin unguwa a Kano. Yaro zai zagaye robobi tas, ƙwallo ba ta bar ƙafarsa ba, har manyan da ke gefe su tafa. Ranar wasa kuma, da ɗan baya ya taso masa, sai ya rikice ya ɗirka ta gaba, ko'ina ta faɗi shi ke nan. Roba ba ta kawo hari, ba ta yaudara, ba ta canja wuri. Wanda ya ƙware a kanta kallon ƙasa ya koya.

Yadda aka horar da mu, ƙwaƙwalwa ce mai ba da umarni: a nuna wa yaro sahihiyar siffar bugu, ya yi ta maimaitawa har ta zauna masa, ranar wasa ya ɗauko ta. Akwai masanan da suke ganin motsi ba haka yake samuwa ba. Ɗaya daga cikinsu, Karl Newell, ya tsara ra'ayin a 1986. A wurinsa, duk motsin da ka ga mutum ya yi, abu uku ne suka haɗu suka haifar da shi. Akwai jikin mai yin, da tsayinsa da nauyinsa da gajiyarsa da tsoronsa. Akwai aikin da aka sa shi, wato doka da girman fili da irin ƙwallo da yawan 'yan wasa. Sai muhallin da yake ciki: ƙasa, iska, haske. In ka taɓa ɗaya, motsin zai sauya ko ba ka ce uffan ba. Jikin yaro ba a hannuna yake ba, iska ma haka. Aikin kuwa nawa ne, shi zan riƙa juyawa.

Mataimakina zai riƙa ɗaukar wasan ƙarshe na kowace Asabar da wayarsa. Abu biyu za mu duba: ko yaro yana waigawa kafin ƙwallo ta iso shi, da kuma inda taɓawarsa ta farko ke kai ta, wajen abokin hamayya ko nesa da shi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Duk wanda ya shiga wannan karatu sai ya ci karo da Nikolai Bernstein, masanin motsin jiki ɗan Rasha da ya rayu daga 1896 zuwa 1966. A farkon shekarun 1920 ya yi aiki a wata cibiyar binciken ƙwadago a Mosko, lokacin da gwamnatin Sobiyet ke neman hanya mafi sauƙi ta yin aikin hannu don a koya wa ma'aikata. Ya ɗaura ƙananan ƙwayayen lantarki a gaɓoɓin masu dukan ƙarfe da kuma jikin guduma, ya ɗauki hoton layukan da hasken ke zanawa. Ya tarar babu bugu biyu da hannu ya bi hanya ɗaya sak. Kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu kullum sai sun ɗan sauya, amma kan guduma yana sauka inda ake so.

Ranar Laraba na biya wurin maƙerin da na ba aikin turakun raga, na tarar yana ƙera ruwan fartanya. Yaronsa na kan zuga-zugi, shi kuma ya ciro jan ƙarfe da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera. Na zuba wa hannunsa ido. Ƙarfen yana hucewa yana ƙara tauri, gefe ɗaya yana faɗaɗa, hannun hagu yana juya shi. Wani dukan tun daga kafaɗa yake tasowa, wani wuyan hannu ne kawai, wani kuma sai ya karkata jiki kaɗan kafin ya sauke masaba. Na ce, "Baba, yaya kake koya wa yaron nan riƙon masaba?" Ya ce, "Malam, ƙarfe nake ba shi. In ya lanƙwashe ai yana gani."

Tambayar da ta dami Bernstein ita ce yadda jiki ke sarrafa yawan abin da yake da shi. Daga kafaɗa zuwa wuyan hannu kaɗai akwai hanyoyi bakwai na lanƙwasawa da juyawa, tsokokin jiki kuma sun haura 600. Da sai ƙwaƙwalwa ta aika wa kowacce umarninta daban a kowane bugu, da ba a yi motsi ba. Amsarsa ita ce gaɓoɓi suna haɗa kai su yi aiki a matsayin ƙungiya, in ɗaya ta kauce wata ta cike. Saboda haka abin da ake maimaitawa a atisaye shi ne warware matsala, sau da yawa, ta hanyoyin da ba su zama iri ɗaya ba.

Wannan ra'ayi ya jawo wa Bernstein matsala a ƙasarsa. Wajen 1950 aka ture shi daga muƙamansa, galibi saboda ya saɓa wa mabiyan Pavlov, masanin Rasha da ra'ayinsa ke da rinjaye a lokacin. Sai a 1967, bayan ya mutu da shekara ɗaya, ayyukansa suka fito da Turanci.

Asabar, 7 ga Disamba

Mun sayi ƙwallaye lamba 4. Lamba 5 ta manya tana da nauyin giram 410 zuwa 450, kuma ita yaranmu suka daɗe suna fama da ita. Ƙananan cikinsu da ba su iya ɗaga ta sun saba da jan jiki baya su tattaro ƙarfi, yanzu bugun ya fara fita sumul.

Babban sauyin shi ne wasan huɗu da huɗu a fili mai faɗi amma gajere, kowane ɓangare yana tsaron ƙananan raga biyu, ɗaya a kowace kusurwa. Shekara da shekaru ina ihun "juya wasa!" ba mai ji. Yau da 'yan baya suka taru a raga ɗaya, ɗayar ta zauna wayam, wani ƙaramin yaro ya ɗaga kai ya aika ta can. Ban yi magana ba.

Mun kuma sa doka cewa cin da aka yi da ƙafar da yaro bai saba da ita ba biyu ne. Abin dariya ne a gani: ƙafa a sandare tun daga ƙugu har idon sawu, a wurga ta gaba ɗaya. Mataimakina ya so ya tsayar da su ya gyara, na hana. Bernstein ya ce sabon shiga yakan ƙulle gaɓoɓinsa don ya rage abin da zai sarrafa, daga baya ya riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Vereijken da abokan aikinta sun auna hakan a 1992 da mutanen da ke koyon wata na'ura mai kwaikwayon zamiyar ƙanƙara, suka ga gaɓoɓin suna sakewa yayin da kwanakin atisaye ke tafiya. Za mu jira.

Asabar, 21 ga Disamba

Mahaifin ɗaya daga cikin yaran ya tsaya har aka tashi. Ya ce, "Malam, kuɗin wata muke biya a koya musu ƙwallo. Wannan ai wasan lungu ne, ko a ƙofar gida za su yi." Na ce, "Alhaji, a ba mu zuwa bayan Sallah." Bai gamsu ba, amma bai cire yaron ba.

Yana da hujja ta ido. Atisayen layi yana da kyan gani, kowa a jere, kuskure kaɗan. Namu kuwa hayaniya ce da ɓarar da ƙwallo. Sai dai kyan atisaye da koyo abu biyu ne. A 1979 Shea da Morgan sun sa mutane koyon motsin hannu iri uku. Waɗanda suka yi kowane iri a jere sun fi kyau lokacin atisaye, waɗanda aka cakuɗa musu kuma suka fi su da aka dawo gwaji daga baya.

Don adalci, wannan sakamako bai zama mallakar mabiyan Bernstein ba. Richard Schmidt, wanda ya tsaya a kan cewa akwai tsarin motsi a ajiye a ƙwaƙwalwa, shi ma tun 1975 ya ce atisaye mai bambance-bambance ya fi amfani. Ko yaranmu sun ci gaba, ba zai raba gardamar malaman ba. Ni dai ci gaban nake nema.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama. Iska daga arewa maso gabas, hazo ya sa ƙwallon da ta yi sama sai ta shige cikin fari-fari kafin ta dawo. A irin wannan yanayi muka fara aikin tarbar ƙwallon sama, wanda shi ne mafi raunin yaranmu: ko su ruga su wuce ta, ko su tsaya ta dira a bayansu.

Da can yaro na tsaye, ni ina wurga masa da hannu daga taku biyar yana sa ƙirji. Wannan yana koyar da sa ƙirji, amma wuyar aikin ita ce isa wurin. A 1968 wani masanin kimiyyar lissafin motsi, Seville Chapman, ya duba yadda 'yan wasan besbol na Amurka ke cafe ƙwallon da aka ɗaga. Ya nuna ba sai mutum ya lissafa inda za ta sauka ba. Ya isa ya riƙa gudu ta yadda hawan ƙwallon a idonsa zai tafi daidai wa daida. In hawan yana ƙara sauri, za ta wuce kansa, sai ya ja baya. In yana raguwa, a gabansa za ta faɗi, sai ya matsa. McLeod da Dienes a Ingila sun ɗauki ƙwararrun masu cafewa a shekarun 1990, suka ga ba sa rugawa wurin su tsaya jira. Suna daidaita gudunsu a hanya, su iso tare da ƙwallon. Amfanin wannan a ranar iska a fili yake: in ta karkatar da ƙwallo, mai bin ta da ido yana gudu zai gyara, wanda ya riga ya yanke inda za ta sauka kuwa ya makara.

Tushen wannan tunani James Gibson ne, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka. A yaƙin duniya na biyu ya yi wa rundunar sojan sama aiki a kan yadda matuƙa jirgi ke sauka. Ya lura cewa wurin da jirgi ya dosa shi kaɗai ke tsaye a ido, duk abin da ke kewaye yana malala waje. Daga nan ya gina ra'ayin da ya kammala a littafinsa na 1979, shekarar da ya mutu: bayanin da ake buƙata yana cikin hasken da ke shigowa ido, kuma motsi ne ke fito da shi. David Lee na Jami'ar Edinburgh ya ƙara a 1976 cewa saurin girman abu a ido yana faɗa wa mutum lokacin da ya rage kafin ya iso shi, ba tare da ya san nisa ko gudun abin ba.

Don haka yanzu da ƙafa ake ɗaga musu ita daga nesa, yaro yana tasowa daga wuri daban kowane karo, akwai abokin hamayya a kafaɗarsa. Rabin lokaci iska na bayansu, rabi tana fuskarsu. Na daina cewa "tsaya a nan". Abin da nake faɗa kawai, kada ido ya bar ta.

Asabar, 25 ga Janairu

An kafa rumfunan taro a filinmu ba a sanar da mu ba. Muka koma wani dandamalin siminti, muka rage wa ƙwallo iska don kada ta yi ta tsalle. Kafin a tashi, rabin yaran suna tare ta da tafin ƙafa suna mirgina ta, abin da ban taɓa koya musu ba. A kan burjin filinmu mai tudu da kwari ba sa yin haka, don ƙwallon ba ta zuwa a kwance.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Dogon yaron da ke buga mana baya ya lalace a 'yan watannin nan. Yana tuntuɓe da ƙwallo, yana kai ƙafa a makare, yana ƙoƙarin bi ta tsakanin mutum biyu inda ba zai wuce ba. Abokansa sun fara tsokanarsa. Wandon da ya zo da shi bara yanzu bai rufe gwiwa ba.

Esther Thelen, mai binciken motsin jarirai, ta yi wani gwaji da nake tunawa idan na ga irin wannan. Jariri sabon haihuwa, in ka riƙe shi a tsaye, yakan ɗaga ƙafa kamar mai tafiya, wajen wata biyu sai abin ya ɓace. An daɗe ana cewa ƙwaƙwalwa ce ta girma ta danne shi. Thelen ta lura a daidai lokacin ne cinyoyi ke tara kitse fiye da ƙarfin tsoka. A 1984 ita da abokan aikinta suka tsoma jarirai cikin ruwa zuwa ƙirji, takun ya ƙaru. Suka ɗaura wa wasu ɗan nauyi a ƙafa, ya ragu. Ba abin da ya ɓace a kai, ƙafar ce ta yi nauyi.

Shi ma ido da ma'aunin jiki yake gani. William Warren ya nuna a 1984 cewa dogo da gajere duk suna daina ganin matakin bene a matsayin abin takawa idan tsayinsa ya kai kusan kashi 88 cikin 100 na tsawon ƙafarsu. A 1987 shi da Whang suka ga mutum yana fara karkata kafaɗa idan faɗin ƙofa bai kai faɗin kafaɗarsa sau 1.3 ba. Yaronmu yana auna fili da jikin bara. Na rage masa dogon gudu, na ƙara masa wasan ɗaya da ɗaya a matsattsen wuri da tsallake igiya. Na kuma ja kunnen masu tsokana.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kafin a fara na sa yaran wani wasa. Miƙa manuniyar hannu biyu, ka riƙa kaɗa su tare, duka zuwa dama, duka zuwa hagu. Ƙara sauri. Akwai inda za a kai sai yatsun su juya da kansu, su koma haɗuwa da rabuwa. In kuma da haɗuwa da rabuwa ka fara, ko ka ƙure sauri ba za su canja ba. Yara suka yi ta ihu suna zargin juna da maguɗi.

Scott Kelso ne ya auna wannan a farkon shekarun 1980, a 1985 kuma shi da Hermann Haken da Bunz suka fitar da lissafinsa. Darasin shi ne sabon tsarin motsi na iya ɓullowa ba wanda ya umarce shi, don kawai an matsa abu ɗaya, a nan sauri. A 1990 Schmidt, wani daban da na baya, tare da Carello da Turvey suka ga irin wannan juyi tsakanin mutum biyu da ke zaune suna lilo da ƙafa suna kallon juna. Kamar lugude ne: mata biyu ko uku a turmi ɗaya, ba mai ƙirga musu, ido da kunne ne ke hana taɓare karo.

Wasu marubuta suna ɗaukar wannan lissafi su shimfiɗa shi a kan 'yan wasa 22. A nan ni ina ja da baya. Yatsa biyu a ɗakin gwaji abu ne da aka auna ƙeƙe da ƙeƙe, ƙungiyar ƙwallo kuwa akwai niyya da yaudara da tsoron koci a ciki. Abin da na ɗauka ƙarami ne: in ina son 'yan bayana su canja yadda suke tafiya tare, in matsa faɗin fili ko saurin wasa a hankali in ga inda za su juya.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya raba tsakiya, zafi kuma ya sauko. Yawancin yaran suna yi, don haka atisaye ya koma ɗan taɓa-taɓa bayan la'asar.

Mataimakina ya kawo shawarar mu zaunar da masu tsaron raga a inuwa su kalli bidiyon fenareti suna faɗin ɓangaren da za a buga. Na yarda su kalla don nishaɗi, ban sa shi a lissafin horo ba. Tazarar fenareti mita 11 ce, bugu mai ƙarfi na isa raga cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kuma a cikin wannan ɗan lokaci gani da faɗawa a haɗe suke. Dicks da Button da Davids sun gwada a 2010, suka ga inda gola ke kai ido idan bidiyo yake kallo yana ba da amsa da baki ya bambanta da inda yake kaiwa idan mai bugu na gabansa kuma dole ya tare.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun zauna mun kwatanta bidiyon Nuwamba da na makon jiya. Waige kafin karɓar ƙwallo ya ƙaru a wurin yawancinsu, a bayyane. Taɓawar farko ta gyaru a wurin 'yan tsakiya, 'yan gaba kuwa kusan jiya i yau. Ƙafar da ba su saba da ita ba ta fara lanƙwasa a gwiwa. Ba mu da wata ƙungiyar da muka bari a tsohon salo don kwatance, yaran kuma sun ƙara wata biyar na girma, saboda haka ba duka zan jingina wa salon ba. Alhajin nan ya zo ya kalla, ya ce ba laifi.

Inda salon ya cije shi ne wani yaro mai buga komai da tsinin ƙafa. A ƙaramin fili tsini yana ci masa, har ya fi kowa jefa ƙwallo a raga, to me zai sa ya bari? Wasan da na tsara shi ne ya ƙarfafa masa ɗabi'ar. Na faɗaɗa fili, na ce sai an ɗaga ƙwallo ta haye igiya kafin ci ya halatta. Ya koyi cusa tsinin a ƙarƙashinta. A ƙarshe na kira shi gefe na buga da cikin ƙafa yana kallo, na ce ya ji inda ta taɓa. Masu tsananin riƙo da wannan ra'ayi ba sa son nuni, amma yaron da bai taɓa ganin wata hanya ba, nuni ma bayani ne da ke shiga ta ido. Jifa daga gefen fili ma haka: doka ce, ƙafa biyu a ƙasa, hannu biyu daga bayan kai, faɗa ake yi.

Asabar, 14 ga Yuni

Mun dawo bayan Babbar Sallah, ruwa ya sauka. Kusurwar gabas ta filin ta zama caɓi, ƙwallo tana tsayawa cak a wurin, a tsakiya kuma tana zamewa fiye da yadda suka saba. Fasin ɗin ƙasa da suka ƙware a kai lokacin rani yau rabinsa bai isa ba. Ba mu kauce wa caɓin ba, a kansa muka kafa wasan huɗu da huɗu. Dogon yaron ya dawo daidai, shi ya fara gane ɗaga ta kaɗan.

Zan ci gaba da salon har ƙarshen damina. Abin da ke gaba shi ne 'yan gaba da taɓawarsu ta farko: daga mako mai zuwa ɗan baya zai riƙa tasowa daga bayansu, ta dama ko ta hagu ba tare da sun sani ba, kuma ci ba zai halatta ba sai cikin taɓawa uku. Na kuma yi magana da mai horar da yaran wata unguwa da har yanzu ke atisayen layi. Ya yarda mu riƙa ɗaukar wasanninsa da waya ɗaya, mu duba abu biyun nan a wurin nasa yaran daga Yuli zuwa Oktoba.